Hannu Ya Fara, Na'ura Ta Ƙarasa: Nasiha ga Matasa Masu Zanen Littattafan Yara

'Ya'yana samari da 'yan mata na ƙasar Dawakin Tofa, na Dawaki da Kwa da Dawanau, na Tumfafi da Marke da Tattarawa, da duk wanda Allah Ya hore wa hannun zane, da ku nake magana, musamman waɗanda suka fara sha'awar yi wa littattafan ƙananan yara hotuna. Na lura kun rabu gida biyu. Wani ya riƙe fensir da takarda, ya ce zanen waya ba zane ba ne. Wani kuma ya rungumi waya da kwamfuta, yana ganin kwanan takarda ya ƙare. Ku zo ku zauna tabarma ɗaya, domin aikin da ke gabanku yana bukatar ku duka. Shawarata a taƙaice ita ce ku fara da ido da hannu, ku ƙarasa da na'ura, sannan ku bar wa yaro hukunci.

Ku fara sanin nauyin abin da kuka ɗauka. Yaron da aka kai aji ɗaya bai san baƙi ko ɗaya ba, amma ya san akuya, ya san tulu, ya san goyo. In ya buɗe littafi, hoto ne yake fara karantawa. Idan ya ga abin da ya sani, sai ya sa yatsa ya ambaci sunansa, malami kuma ya nuna masa cewa ga yadda ake rubuta wannan sunan. Daga nan karatu ke kama shi. Idan kuwa hoton baƙo ne, gida mai bututun hayaƙi da yara cikin rigunan da bai taɓa gani ba, to an haɗa masa baƙi biyu a lokaci guda, baƙon harafi da baƙon hoto. Yaro da yawa ya ɗauka karatu ba nasa ba ne tun daga wannan shafin. Saboda haka mai zanen littafin yara malami ne, ko da bai taɓa riƙe alli ba.

Kada ku zaci ku ne farau. A Zariya, Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja a 1934, sannan Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ta fara fitowa a 1937, da zane-zanenta na baƙar tawada. Aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, daga baya kamfanin ɗab'i na NNPC ya ci gaba da buga littattafan daga 1966. Mu da muka taso da Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu mun san yadda ɗan ƙaramin hoto a gefen shafi yake zama a ƙwaƙwalwar yaro har tsufansa. A Zariyar dai, a 1958, wasu ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiya, cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko. Ra'ayinsu shi ne a karɓi dabarun da aka koyo daga Turai, a aurar da su da gadon gida. Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a bango da jiki, ya gina salonsa a kai. Onobrakpeya kuma ya yi wa littattafan makaranta hotuna, har da wani labarin Cyprian Ekwensi da ya fito a 1962. Tambayar da ke gabanku ita ce ta gabansu, kayan aikin ne kawai suka sauya.

Makarantarku ta farko tana bayan gidanku. Ƙasarmu ƙasa ce da ba a barin gona ta huta, gona na jikin gona, gida na hangen gida, kowace gona da itatuwanta da aka gada. Ku sami ɗan littafi marar layi ku riƙa yawo da shi. Ku zauna gaban kuka ku zana ta da rani tana tsirara, ku dawo da damina ku zana ta da ganye. Ku dubi gawo, wanda shi nasa al'amarin a juye yake: yana kakkaɓe ganyensa da damina, ya yi kore shar da rani. Mai zanen da ya sa wa gawo ganye a tsakiyar gonar gero mai bunni, ɗan manomi zai gane bai taɓa tsayawa ƙarƙashinsa ba. Ku bambanta zangarniyar gero da ta dawa, ku bambanta yaɗon wake da ganyen gyaɗa. Ku lura cewa da damina awaki a turke suke, ana kawo musu ciyawa. In kun zana akuya tana yawo cikin shuka, yaro zai ɗauka labarin ɓarna ne, ya fara jiran mai gona ya ɓullo da sanda.

Ku zana jaki da mangalar taki, da amalanken shanu, da rumbu da hularsa, da darni, da rijiya da guga. Ku je Dawanau, kasuwar hatsin da ake zuwa saye daga ƙasashen maƙwabta, ku nemi gefe ku zauna. Ku kalli yadda ɗan dako yake karkata in ya saɓa buhu, da yadda mai awo yake tara tiya, da yadda dillali yake magana da hannu. Ku kalli yadda uwa take sunkuyawa ta ɗaura goyo, da yadda tsoho yake naɗe ƙafa a kan buzu. Waɗannan motsin ba a samunsu a intanet yadda suke a nan. Ku nemi izini kafin ku zana mutum a kusa, kuma ku yawaita zana hannu da ƙafa, domin su ne suke tona asirin wanda bai yi atisaye ba. Ku kuma dubi haske. Hasken hunturu mai hazo daban, na bayan ruwan Agusta daban, kuma shafi guda yana iya gaya wa yaro watan da ake ciki ba tare da kalma ko ɗaya ba.

Makarantarku ta biyu ita ce sana'o'in iyayenku. Wanda ya ce Bahaushe bai gaji zane ba, bai taɓa kallon allon zayyana da kyau ba. Ku je wurin alaramma mai zayyana, ku durƙusa ku gaishe shi, ku roƙi arzikin kallo. Za ku ga yadda yake raba fili, yadda yake maimaita siffa ba ta gundura, yadda ja da rawaya da kore suke zama kusa da juna ba su yi faɗa ba, da yadda rubutu yake samun wurinsa a tsakiya. Wannan shi ne ainihin ilimin tsara shafi. Ku koyi fiƙe alƙalamin kara, ku koyi haɗa tawada da gawayi da ƙaro. Layin da alƙalamin kara yake bayarwa, mai kauri nan da siranta can, masu manhaja sun daɗe suna ƙoƙarin kwaikwayon irinsa, ku kuwa ga shi a hannunku kyauta. Ku dubi aska takwas a wuyan babbar riga, da saƙar faifai, da zanen ƙwarya, da dagi a goshin soro. In kun shiga birnin Kano ku leƙa Gidan Makama, ku ƙarasa marinar Ƙofar Mata ku ga shuni kala-kala daga baba guda.

Launi ma kuna da shi a gida: jar ƙasa, da lalle, da gangamau, da karan dafin da dukawa ke rina fata da shi, da ruwan zoɓo. Ku shafa su a takarda mai kauri ku ga abin da kowanne zai bayar. Sai dai ku sani, yawancinsu ba sa jimre wa rana. Gangamau yana koɗewa da wuri, zoɓo kuma yana rikiɗewa bayan ya bushe. A nan ne na'ura take da rana, domin in kun ɗauki hoton shafen tun yana sabo, kun adana launin ke nan, kuna iya amfani da shi shekara da shekaru. Haka kuma ku ɗora takarda a kan tabarma ko buhu ko bangon ƙasa, ku goga gefen fensir a kai, zanen jikin abin zai fito. Ku tara irin waɗannan a fayil guda. Ranar da kuke son bangon ɗaki ko zanen Ƙoƙi, sai ku ɗauko daga taskarku.

Garinmu an san shi da ginin tukwane, don haka ku tambayi magina. Za su gaya muku cewa wuta ba ta gyara tukunyar da aka gina a karkace. Aikinta shi ne ta ƙarfafa abin da hannu ya riga ya yi, ya zama mai shiga kasuwa. Matsayin kwamfuta ke nan a wannan sana'a. Tana share datti, tana daidaita launi, tana ba ku damar matsar da mutum daga hagu zuwa dama ba sai kun sake zane ba, tana kuma aika aikinku Zariya ko Maraɗi cikin ƙiftawar ido. Amma fuskar da ba ta da rai a takarda, ba za ta yi rai a waya ba.

To ga yadda aikin yake tafiya. Kafin ku zana shafi ko ɗaya da gaske, ku ninke fallayen takarda ku yi ɗan littafin gwaji. Littafin hotuna na yara yawanci shafi 32 ne, ko 24, ko 16, saboda a maɗaba'a babban falle ake bugawa a ninke shi. Ku raba labarin a kan waɗannan shafuka da ƙananan zane na gaggawa. Ku yi tunanin inda yaro zai juya shafi. In Gizo zai buɗe tukunya, ku bar shi da hannu a kan murfi a shafin dama, abin da ke ciki ya jira a bayan shafi. Ku bar fili sarari inda rubutu zai zauna, kuma kada fuskar kowa ta faɗa tsakiyar littafi wurin ɗinki. Ku zana kowane ɗan wasa ta gaba da ta gefe da ta baya a falle guda, yana dariya, yana kuka, yana gudu, domin yaro ba ya yafe wa wanda hularsa ta sauya tsakanin shafi na uku da na huɗu ba dalili. Kada kuma hoto ya tsaya maimaita rubutu kawai. In rubutu ya ce Gizo ya rantse bai ci komai ba, hoto ya nuna miya a gefen bakinsa. Yaron da ya gano wannan da kansa ba zai manta da littafin ba.

In kun gama layi da tawada, sai a shigar da shi na'ura. In akwai sikana a shagon kwamfuta, ku ce a ɗauka da ɗigo 300 a kowane inci, layin tawada zalla kuwa 600 ya fi. In waya ce kaɗai gare ku, ta isa. Ku goge idon kyamara, ku shimfiɗa takardar a inuwa mai haske da hantsi, ku kashe filasha, ku riƙe wayar daidai saman takardar ba karkacewa. Akwai manhajoji na kyauta: Krita da GIMP a kwamfuta, ibisPaint a waya. Procreate da Photoshop na kuɗi ne, kuma ba sharaɗi ba ne. Dukkansu suna ba ku damar jera aiki falle bisa falle. Ku sa layin tawada a fallen sama, launi a ƙarƙashinsa, bango a can ƙasa, rubutu kuma a nasa fallen daban, domin gobe a iya cire Hausa a sa Fulatanci ko Kanuri ba a taɓa hoton ba. Ku yi hattara da yawan gogewa. Ɗan rawar hannu da ɗigon tawadar da ya ɗan malala su ne shaidar cewa mutum ne ya yi, kada ku share su duka. Ku riƙa adana aiki a wuri biyu, domin waya tana faɗawa ruwa, wuta kuma ba ta sallama in za ta ɗauke.

Ku sani kuma abin da ido ya gani a fuskar waya ba shi takarda za ta bayar ba. Waya da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi. Injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki: shuɗi mai haske, da ja mai ruwan hoda, da rawaya, da baƙi. Shi ya sa kore mai walƙiya yake dusashewa, launin fatar mutanenmu kuma yake yin duhu har ido da hanci su ɓace. Ku buga shafi ɗaya na gwaji kafin a buga ɗari. Ku bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Ku zaɓi harufan da suke da ƙugiya ta gaskiya, domin yaron da ke koyon bambanta baƙi da baki bai kamata littafi ya ruɗa shi ba. Akwai salon harufa mai suna Andika da aka tsara don masu koyon karatu, kyauta ne, yana da ɓ da ɗ da ƙ. In kuɗin launi ya gagara, ku yi zanen baƙi da fari mai tsabta wanda zai jure hoto-kwafi. Littafi marar launi a hannun yara hamsin ya fi mai launi a cikin wayar mutum ɗaya.

Manyan masu wannan sana'a a duniya ma hannu suke farawa da shi. Eric Carle na Amurka, wanda littafinsa na tsutsa mai yunwa ya fito a 1969, siraran takardu yake shafa wa fenti ya yayyanka ya manna. Jon Klassen, wanda ya ci lambar Caldecott a 2013, yakan yi siffofi da tawada a takarda sannan ya harhaɗa su a kwamfuta. Kusa da mu, Meshack Asare na Gana ya ci lambar Noma a 1982 da littafin da ya gina a kan sana'ar maƙeran tagulla na ƙasarsa. Ku kalli ayyukansu don ku koyi dabara, amma kada ku kwafi fuskokinsu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Na san yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da za ka rubuta musu jimla su fito maka da hoto nan take. Ba zan ce muku ku rufe ido daga abin da zamani ya kawo ba. Amma ku sani daga hotunan da suka cika intanet suka koya, kuma ƙauyukanmu ba su da yawa a cikinsu. Ku duba abin da suka ba ku da idon ɗan gida: rawanin, na ina ne? Rumbun, haka ake gina shi a nan? Wanda bai horar da idonsa ba, ba zai ga kuskuren ba, sai ya miƙa wa yara ƙauyen da babu shi a ko'ina. Kuma kada ku sa sunanku a kan abin da ba ku yi ba. Amana ita ce jarin mai sana'a.

Wasunku iyaye za su tambaye su hukuncin zana mai rai, kuma tambaya ce mai kyau. Kada ku amsa da gardama. Malamai sun yi bayani mai faɗi a kan mas'alar, sun kuma saɓa a wasu sassanta. Da yawansu sun yi rangwame a abin da ya shafi wasa da koyar da yara, suna kafa hujja da hadisin da ya nuna Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana. Ku ɗauki aikinku ku kai wa malamin da kuka amince da iliminsa, ku ji daga bakinsa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ƙofa ba ta rufe masa ba. Littafin ƙirga, da na itatuwa, da na kayan noma, da na siffofi da launuka duk suna jiran mai zayyana.

Ku kula da abin da hotonku yake koyarwa a ɓoye. In kullum yarinya a shafinku talla take, yaro kuma shi ke riƙe da littafi, kun yi wa'azin da ba ku yi niyya ba. Ku zana ta da allonta da jakarta. Ku zana makaho da gurgu cikin mutunci, a matsayin 'yan gari masu sana'a. Kada ku haskaka fatar jarumi ku duhunta ta mugu. Ku 'yan mata kuwa, hannun da ya iya zanen lalle da ɗinkin hula ya riga ya san layi da daidaito. Wannan sana'a ce da ake yi daga cikin gida, kuma ku kuka fi kowa sanin abin da ke sa ƙanne dariya.

In littafin gwaji ya haɗu, kada ku fara kai wa abokai masu yabo. Ku nemi izinin shugaban makarantar firamare ko malamar Islamiyya, ku zauna da yara biyar ko shida. Ku rufe rubutun, ku ce su ba ku labarin daga hoto. Ku yi shiru ku saurara. Inda suka yi gardama kan kare ne ko tunkiya, ku koma ku gyara. Inda suka yi saurin juya shafi, akwai abin da ya rage. Inda suka ce a dawo baya su sake gani, ku riƙe wannan dabarar.

Sannan ku san haƙƙinku. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta kare zane kamar yadda ta kare rubutu. Duk wanda ya ba ku aiki, ku rubuta yarjejeniya da shaidu: shafi nawa, nawa ne ladan, sau nawa za a gyara, wa ke da ikon sake bugawa, kuma sunanku ya fito a bango kusa da na marubuci. Ku ajiye asalin zanen takarda, shi ne shaidarku. Bukata kuwa tana nan. Shirin RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauci da Sakkwato, sun samar da littattafan koyon karatu da Hausa, kuma kowane irin wannan littafi sai da mai zane. Taskokin African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya suna ɗauke da labarai cikin Hausa, yawancinsu fassara ne da hotunan wasu ƙasashe. Suna ba da littattafansu ne a kan lasisin da ya halatta wa kowa ya kwafa, don haka ku fahimci sharaɗin kafin ku sa aikinku. Wanda ya sami hali ya nemi ƙarin ilimi a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ko a kwalejin ilimi, ya yi. Wanda bai samu ba, kada ya zauna jira.

Ga aikin da na ba ku. Kowannenku ya je wurin kakarsa ko wata tsohuwa a unguwa, ya roƙe ta tatsuniya ɗaya, ya rubuta ta yadda ta faɗa. Ya raba ta shafi 16, ya zana da alƙalami da tawada, ya gyara a waya, ya buga kwafi goma ya kai makarantar da ya yi. Ya rubuta sunan tsohuwar a shafin farko in ta yarda. Na farkon ba zai yi kyau yadda kuke so ba, ku yi na biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Mai takarda ya koya wa mai waya fiƙe alƙalami, mai waya ya koya wa mai takarda jera falle, kada ɗayanku ya ɓoye wa ɗan'uwansa abin da ya sani.

Allah Ya yi muku albarka, Ya sa wa hannuwanku albarka, Ya sa abin da za ku zana ya zama sanadin karatun 'ya'yan talakawa da na masu hali baki ɗaya, Ya kuma ba ku halaliyarku a cikinsa.